Rabin Jimla a Kan Allo

Duk shekarar da aka turo mana ku daga kwalejin horar da malamai domin gwajin koyarwa, akwai maganar da nake ji a ofishin malamai, ko da an yi ƙasa da murya. Wai darasin Hausa hutu ne. Wai yaran Kafanchan da Hausa suke sayen ƙosai, da ita suke faɗa a filin ƙwallo, me kuma za a koya musu? Jiya ma ɗayanku ya roƙi a ba shi ajina, saboda lissafi yana sa masa ciwon kai. To ku jawo kujeru. Sunana Hannatu, ko da yake yara sun daɗe da mayar da ni Mama Hausa. Tun kafin a haifi yawancinku nake koyar da kalmomi a ƙaramar sakandare, kuma zan gaya muku yadda aikin yake.

Ni 'yar Kwoi ce, babana manomin citta. Yaren Ham, wato Jaba, muke yi a gida, Hausa kuwa a coci da kasuwa na tsince ta, daga baya na karance ta a kwaleji. Ranar da na fara shiga aji, na cika allo da kalmomi masu wuya, kowace da ma'anarta a gefe, na ce yara su kwafe. Suka kwafe tsaf. Da mako ya zagayo na tambaye su, sai aji ya yi tsit kamar an yi mutuwa. A bayan aji akwai wani dattijo zaune, Malam Bulus, wanda aka ce in koyi aiki a ƙarƙashinsa kafin ya yi ritaya. Da aka buga ƙararrawa, sai ya kira ni.

Ya ce, “'Yata, an ce gidanku masu citta ne?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

“In kun je haƙa, ganyen kuke tsinkewa ku zuba a buhu?”

Na ce a'a, ƙasa ake tonawa a ciro saiwar, ita ce mai yatsu.

Ya ce, “To ke yau ganye kika raba wa yara. Ungo kalma ɗaya: ciza. Tono mini yatsunta.”

Na kawo cizo, na kawo cije, na tsaya. Ya ce saura ɗaya, yana cikin ciyawa. Na yi ta juya abin a raina har na hau mashin zuwa gida, sai a hanya ya faɗo mini: maciji. Mai cizo. Tun ina yarinya nake gudun wannan halitta a gonar babana, ban taɓa sanin cewa sunansa aikinsa ba ne. Washegari na kai wa yara. Har yau ban taɓa ganin ajin da bai yi ihu ba idan ya gano maciji da kansa.

Kayan aikina ba su da yawa. Alli, tsumman goge allo, almakashi, da kwalin sabulu ko na taliya da nake roƙa a shagunan bakin kasuwa. Ƙamus guda ɗaya makarantar take da shi, bangonsa ya tafi, kuma yana kulle a ofishin firinsifal, don haka kwalin nan shi ne ƙamus ɗinmu. Nakan yanka shi ƙanana. A wani in rubuta “ma”, wanda masu nahawu suke kira ɗafa-goshi saboda a gaban kalma yake zama. A wasu in rubuta “i” ko “a” ko “iya”, su ne ɗafa-ƙeya. Sai in fito da yara gaban aji, na tsakiya ya riƙe saiwa, na hagu goshi, na dama ƙeya. Noma ya ba mu manomi da manomiya da manoma. Ƙera ta ba mu maƙeri da maƙera. Buɗe ya ba mu mabuɗi. Yaron da ya riƙe kalma da hannunsa ba ya mantawa da ita. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Mama, ashe majami'a da masallaci goshinsu ɗaya ne?” Na ce ɗaya ne, ta rubuta ta zauna.

Amma saiwa tana yaudara, kuma nan ne sababbin malamai suke faɗuwa. Wani yaro ya taɓa rantse mini cewa masara ita ce wurin da ake sara, madara kuma wurin da ake buga dara. Bisa abin da na koya masa, bai yi kuskure ba. Shi ya sa Malam Bulus ya ba ni rabin aikin na biyu. Ya ce kalma tana da dangi, tana kuma da maƙwabta. In dangi sun ruɗe ka, ka tambayi maƙwabta, wato kalmomin da ke gabanta da bayanta. “Mama ta dafa masara.” Ana dafa wuri? Ba a dafawa. Shi ke nan yaro ya gane ba tare da an buɗe ƙamus ba.

Akwai darasi ɗaya na maƙwabta da nake yi wa 'yan aji biyu kowace shekara. Kalmar ita ce baƙi. A baki, Bahaushe yana bambanta baƙi na launi da baƙi na mutanen da suka zo daga wani wuri, ta hanyar hawa da saukar murya. A rubuce kuwa kamarsu ɗaya, ga shi yawancin yaranmu da muryar yarensu suke furta Hausa. Sai in rubuta rabin magana a allo: “Baƙi ya yi yawa a nan.” In tambaye su wane baƙin ne. Aji ya rabu, a yi ta gardama. In sun gaji, sai in ƙarasa: “Mai fenti, ƙara fari.” Daga nan in nuna musu ɗan ƙaramin maƙwabcin da suka tsallake, wato “ya”. Da mutane ne, da “sun” za a ce. Sai in rubuta ta biyu: “Baƙi sun zo, a shimfiɗa tabarma.” Darasi ne mai daɗi, yara suna son sa.

Iyaye kuma, su ne masu sayen kayanmu, kuma ba su da sauƙi. Ɗan gari Kirista zai zo ya ce, “Madam, yaro na yana jin Hausa tuntuni, ki bar shi ya yi Turanci da kwamfuta.” Wani ma zai ƙara da cewa yarensu na mutuwa, ni ina taya Hausa cinye shi. Bahaushe kuma zai tsaya a bakin ofis ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “'Yar Jaba ce za ta koya wa ɗana Hausa?” Duka biyun nakan ba su kujera, in ba su amsa iri ɗaya: jarrabawar ƙarshen aji uku ba ta tambayar wanda ya iya ciniki, tana tambayar wanda zai karanta labarin da bai taɓa gani ba ya fitar da ma'anar kalmar da bai taɓa ji ba. Yawanci sukan tafi ba su gamsu ba, amma su bar mini yaran.

Yanzu bari in ba ku labarin muguwar shekara.

Shekarar da aka yi ta kai hare-hare a ƙauyukan wajen Godogodo, mutane suka kwararo cikin gari da abin da suka iya ɗauka a ka. Wasu aka sauke su a makarantar firamare, wasu a harabar coci-coci, wasu wurin dangi. Yaransu aka rarraba mana. Bencin da yara uku ke zama ya koma sai an matse, wasu a ƙasa kan buhu. A cikin gari kuwa kowa ya kama unguwarsu. Mai nama da ka saba da shi zai gaishe ka ba tare da ya ɗago ido ba. Makarantarmu tana tsakani, 'ya'yan Kirista da na Musulmi duka suna zuwa, don haka kullum da safe mukan duba fuskokin yara mu san yadda gari ya kwana.

Cikin sababbin da aka kawo aji biyu akwai wata yarinya, Salomi, doguwa, ba ta magana. Babanta Markus manomi ne, an ƙona masa gida da rumbu. A benci ɗaya da ita akwai Aminu, ɗan Alhaji Sani mai sayar da yadi a kasuwa, yaro mai baki kamar rediyo.

Ranar wata Alhamis, bayan hutun tara, darasin baƙi ya zo a tsarin mako. Na rubuta rabin maganar kamar kullum, na juyo na ce wa zai gaya mini. Hannuwa suka tashi. Ban kai ga nuna kowa ba muka ji hayaniya daga wajen kasuwa, sai ƙarar mashina, sai mutane a guje ta bayan katanga. Kafin mu ankara iyaye mata sun cika bakin get, kowace tana kiran sunan ɗanta. Na jefar da alli na tattara yara zuwa babban ɗakin taro, muka riƙa miƙa kowane yaro hannun wanda muka san nasa ne. Waɗanda ba a zo ɗauka ba muka raka su da ƙafa. Kafin yamma an sa dokar hana fita, aka rufe makarantu. Daga baya muka ji cewa jita-jita ce ta tayar da kasuwar. Masinja ya kulle ajina yadda na bar shi. Tagoginmu kuwa, kun gan su, ƙarfe ne kawai babu gilashi.

Ana gobe za a koma, firinsifal ɗinmu na lokacin, Mista Dauda, ya kira ni a waya. Ya ce, “Madam, gobe ki zo da wuri, kuma ki shigo ta ƙofar baya.” Na tambayi dalili, ya ce in dai zo.

Na same shi a tsaye a ofis, da mabuɗin ajina a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ya miƙo mini wayar. Hoton allona ne, an ɗauka ta taga. Ga rubutuna ɓaro-ɓaro: “Baƙi ya yi yawa a nan.” A ƙarƙashinsa wani ya rubuta cewa ga abin da ake koya wa yara a kan 'yan gudun hijira. Mista Dauda ya shafa wayar, ya nuna mini hoton nan dai a wani guruf, wato zauren hira na waya. A can kuma an rubuta cewa ga abin da wata malama Kirista ta rubuta a kan Hausawan garin nan.

Ya ce, “Leƙa get.”

Na leƙa ta taga. Mutane ne kashi biyu. Wasu ta wannan gefen titi, wasu ta wancan, lambatu a tsakaninsu. Babu mai ihu tukuna, kuma shirun ya fi ihu ban tsoro. Akwai dattawa, amma samari sun fi yawa, wasu a kan mashina ba su kashe inji ba. Yara kuwa sun riga sun shigo, suna cikin azuzuwa.

Mista Dauda ya ce, “Mu goge shi yanzu. Mu ce ba a makarantarmu ba ne.”

Na ce, “Yallaɓai, dubi hoton da kyau. Ga tsagewar allon nan daga sama har ƙasa. Duk yaron da ya taɓa zama a ajin ya san ta. In suka shigo suka tarar an goge, mun amsa laifi ke nan.”

“To in kira sojojin da aka girke a mahaɗar hanya?”

“In suka zo da mota, wani ya ruga, wani ya yi jifa fa? Ga yara a ciki.”

Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Daga ƙarshe ya ce zai fita ya ce kowane ɓangare ya ba da mutum ɗaya. Ya gyara wuyan rigarsa ya fita, kuma shi kaɗai ya fita.

Ya dawo da Markus da Alhaji Sani. Ba su dubi juna ba. Aka buɗe ajin, ƙura ta kwanta a kan bencina, allina yana ƙasa inda na yar da shi, rubutun yana nan.

Markus ne ya fara. Hausarsa irin ta ƙauyenmu ce. Ya ce, “Madam, yarinya na ya dawo ranar nan, bai ci abinci ba. Ya ce malama ya rubuta wai mun yi yawa. Mu ne mun ƙona gidan mu da kan mu? Mu ne mun ce muna so mu kwana a ƙasa a firamare? Ke namu ne fa, Madam. Da wani ne ya rubuta, ba zai yi mini zafi haka ba.”

Sai a lokacin na san cewa ba hoton ne ya kai masa labari ba. Salomi da idonta ta karanta, tana zaune a gabana.

Alhaji Sani bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malama, a bayan tashar jirgin ƙasa aka haife ni. Kakana a garin nan aka binne shi. Kullum ana ce mana baƙi a kasuwa, mun haƙura. Yanzu kuma a allo, a gaban ɗana?”

Na gaishe su duka, na ce su ba ni dama in nuna musu abu ɗaya. Na sa yatsa a ƙarƙashin “ya”. Na ce wannan baƙin launi ne, rabin darasi ne, gudu ne ya katse shi. Da mutane nake nufi, da “sun” na rubuta.

Alhaji ya yi wani ɗan murmushi mara daɗi. Ya ce, “Malama, kada ki mai da ni yaro. Da Bakano ne ya rubuta, da na yarda. Amma ku nan komai ‘ya’ ne. Mace ya zo, mutane ya taru. Ba yanzu kika ji shi ba? Yarinya na ya dawo.”

Markus ya juyo gaba ɗaya. “Me Hausa na ya yi maka? Kai kana jin yare na?”

Mista Dauda ya shiga tsakaninsu yana cewa don Allah, don Allah. Daidai nan dutse ya faɗo a kan kwanon ajin. Ƙarar ta cika ɗakin, muka ji yara sun fashe da kuka a aji na kusa. Ba mu san daga wane gefe aka jefo ba. Wani dutsen ya biyo baya.

Nahawu dai ya ƙare mini. Alhaji bai yi ƙarya ba, haka ake magana a garin nan, ni kaina in ina gida wani lokaci haka take fita. Abin da ya rage mini shi ne yaran da suka wuce ta hannuna.

Na ce, “Baba Salomi, Alhaji, ku saurare ni. Duk shekara nake rubuta wannan magana, kuma tana da ƙarshe. A cikin samarin da ke waje akwai waɗanda suka yi aji biyu a nan. Kowannenku ya je gefensa ya kawo ɗaya, wanda ya ga dama. Kada ku bari in yi masa magana. A shigo da su ɗaya bayan ɗaya. In suka faɗi abu daban-daban, ko suka kasa, ku yi da ni yadda kuka so.”

Mista Dauda ya dube ni. Ya san abin da na sani: yaro yana iya mantawa, yana kuma iya tunawa ya ƙi faɗa saboda abokansa suna jiransa a waje.

Suka fita. Na tsaya a jikin taga na juya wa allo baya. Ina jin muryoyi suna tashi a get, ina jin wata malama tana sa yaranta waƙa don su daina kuka.

Da na ga wanda Markus ya shigo da shi, na ce a raina shi ke nan. Gidiyon ne, ɗan acaba, da gora a hannunsa. Markus baƙo ne a gari, bai san kowa ba, wanda ya fara ɗaga hannu ya kamo. Gidiyon kuwa a bencin baya ya yi shekarunsa yana barci, bai ma ƙarasa makarantar ba. Mista Dauda ya nuna masa allo ya ce ya karanta, ya faɗi abin da ke biye.

Ya karanta a hankali, yana motsa leɓe. Ya dube ni ya ce, “Mama, abin ya daɗe fa.”

Na ɗora hannu a bakina don kowa ya gani.

Ya sosa ƙeya da gorar. Ya dubi rufi, ya dubi bencin baya inda yake zama a da. Markus ya ce, “Ka gani? Bai sani ba.” Alhaji yana bakin ƙofa, ya harɗe hannu.

Sai Gidiyon ya ce, “Tsaya. Akwai mai fenti a ciki.” Ya buga gorar a ƙasa. “Mai fenti, ƙara fari! Shi ne! Akwai wani a ajinmu, babansa fenti yake yi, da shi muka riƙa tsokanarsa har muka rabu.”

Aka fitar da shi ta ɗaya ƙofar, aka tsayar da shi inda ba zai haɗu da kowa ba. Alhaji ya shigo da nasa, Basiru, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Shi ma fuskarsa a murtuke. Ya dubi allo, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, “Wallahi tun da na ga hoton nake cewa na san abin nan daga wani wuri. Mai fenti, ƙara fari. Sai ta biyun, baƙi sun zo, a shimfiɗa tabarma.” Ya juya wurin Alhaji ya ce, “Baba, darasi ne. Mu ma an yi mana.”

Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya rungumi wani. Alhaji ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, “Na ji, Malama. Amma ba bana ba. Da kin bar shi sai wata shekara.” Markus ya ɗauki hularsa daga kan benci ya ce, “Yarinya na bai san mai fenti ba. Abin da ya gani, ya gani.”

Suka fita tare da samarin biyu, kowa ya nufi gefensa. Muna kallo ta taga. Gidiyon yana bayani da hannuwa biyu, wasu suna tura shi, na ji wani ya ce an saye shi. Basiru yana nuna wayarsa yana girgiza kai. Dattawa suka fara janyewa, sai mashina ɗaya ya tashi, sai wani. Ba a watse gaba ɗaya ba sai wajen azahar, amma ba a sake jifa ba, kuma duk yaron da ya shigo ranar ya koma gida da ƙafarsa.

Kafin a tashi na ce a dawo mini da 'yan aji biyu. Mista Dauda ya ce in bari, na ce rabin jimlar nan ba zai sake kwana a allo ba. Na ɗauki allin daga ƙasa na ƙarasa maganar, na rubuta ta biyun a ƙarƙashinta, na ja layi a “ya” da “sun”. Ba a yi gardamar da aka saba ba. Da aka buga ƙararrawa kowa ya fita, sai Salomi ta tsaya a bakin tebur. Ranar na fara jin muryarta sosai.

Ta ce, “Mama, na gane. Na farko launi ne.”

Na ce madalla.

Ta ce, “Amma mu na biyun ne, ko? Mu baƙi ne.”

Na ce, “A jimlar nan, su ne ake shimfiɗa wa tabarma.”

Ta dubi allon, ta dube ni, ta ɗauki ledar littattafanta ta fita.

A makon nan ofishin ilimi ya mai da ni wata makaranta ta wajen Jere, wai sai ƙura ta lafa, domin hoton ya riga ya wuce Kafanchan, kuma waɗanda suka gan shi a nesa ba su shiga ajin sun ji Gidiyon ba. Na yi zango guda a can, ina kwana a ɗakin wata malama. Da na dawo, damina ta sauka, Markus ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye don kada shuka ta wuce shi, duk da ba a ce hanya ta yi kyau ba. Ban sake ganin Salomi ba. Aminu ya gama aji uku a hannuna, ya ci Hausa da kyau, babansa kuwa in na je sayen yadi yakan gaishe ni da mutunci, amma bai taɓa tayar da maganar ba.

Darasin baƙi har yau ina yin sa, don ban sami wanda ya fi shi ba. Abin da ya canja shi ne tsumma. Yana hannuna na hagu muddin alli yana na dama. Ko gobara ce ta tashi, sai na goge allo kafin in fita, kuma ku ma haka za ku yi a ajina.

Bara, a taron zumuntar matan coci na gunduma, muna zaune muna jiran a fara sujada, wata mata da ban sani ba ta matso kusa da ni da wayarta. Ta ce, “Mama, kin ga abin da ake rubuta wa yaranmu a makarantun gwamnati?” Na sa tabarau. Allona ne, ga tsagewar. Hoton ya dushe saboda yawan turawa, kuma yanzu an rubuta a ƙasa cewa wani malami Musulmi ne ya rubuta, a wani gari da ban taɓa zuwa ba.

Na ce, “'Yar'uwa, wannan rubutuna ne.”

Ta ja baya kaɗan. Na ce ta zauna, na gaya mata komai, da mai fenti, da Gidiyon, da Basiru. Ta saurara har ƙarshe. Aka buga ganga, mata suka miƙe don waƙar buɗewa. Ta ce, “To,” ta sa wayar a jaka.

Ban ga ta goge shi ba.